Gonar Inabi Da Gidan Abincin Girkawa: Yadda Cin Abinci A Waje Ke Riƙe Da Sana'o'i Biyu A Ostareliya

A jihar Biktoriya ta ƙasar Ostareliya akwai gidajen cin abinci iri biyu da suka yi fice wajen jan kuɗin mazauna birnin Melbourne a ranakun Asabar da Lahadi. Na farko su ne waɗanda manoman inabi suka gina a tsakiyar gonakinsu a kwarin kogin Yarra, tafiyar kimanin awa ɗaya a mota daga birnin. Na biyu kuwa su ne gidajen abincin Girkawa da ke titin Lonsdale a tsakiyar gari, da kuma unguwar Oakleigh a kudu maso gabas. Kowanne daga cikinsu yana da tarihin da ya haura shekara 100, kuma kowanne ya sha faɗuwa da tashi. Abin da ya haɗa su shi ne neman hanyar da mai ƙaramin jari zai kai hajarsa ga mai saye kai tsaye, da kuma nauyin da bin wannan hanya ke ɗora masa.

Kwarin Da Ya Mutu Ya Farfaɗo

An fara dasa inabi a kwarin Yarra ne a shekarar 1838, sa'ad da 'yan'uwa daga zuriyar Ryrie suka kafa gonar Yering. A shekarar 1850 wani mutumin Suwizalan mai suna Paul de Castella ya sayi gonar ya faɗaɗa ta, kana wasu 'yan ƙasarsa suka biyo sahu suka kafa St Huberts da Yeringberg. Har ta kai ga giyar inabin Yering ta ci babbar lambar yabo a bikin baje koli na duniya da aka yi a Paris a shekarar 1889.

Sai dai lambar yabo ba ta biyan bashi. Tattalin arziki ya karye a shekarun 1890, masu saye suka karkata ga giya mai zaƙi da ake yi a yankuna masu zafi, kiwon shanun madara kuma ya fi kawo riba. A shekarar 1921 aka yi matsar inabi ta ƙarshe a Yeringberg, daga bisani aka tumɓuke kurangun aka mai da filayen makiyaya. Sai a shekarun 1960 ne aka sake dasawa, inda aka kafa Wantirna Estate a 1963, da Yarra Yering a 1969, da Mount Mary a 1971. Manyan masu jari sun shigo daga baya: kamfanin Moët & Chandon na Faransa ya buɗe Domaine Chandon a 1986, iyalin De Bortoli kuma suka sayi gona a kwarin a 1987. A yau gidajen matsar inabi da ke yankin sun haura 80.

Dalilin da ya sa manomi ya ɗauki kuku aiki lissafi ne kawai. Kwalbar da ta bi ta hannun ɗan sari, sa'an nan ta bi ta hannun mai kanti, kowa sai ya cire rabonsa kafin a kai ga manomi. Wadda aka sayar a ƙofar gona kuwa, kuɗin duka nasa ne, in ban da haraji. Tun daga shekarar 2000 gwamnatin tarayya ke karɓar harajin kashi 29 cikin 100 a kan farashin sarin giyar inabi, baya ga harajin kayan masarufi na kashi 10 cikin 100. Ana mayar wa masu matsa wani kaso na harajin, amma a watan Yuli na 2018 aka rage iyakar abin da ake mayarwa daga dalar Ostareliya 500,000 zuwa 350,000 a shekara. Domin rage raɗaɗin haka, gwamnati ta ɓullo da tallafin da ya kai dala 100,000 a shekara ga masu sayarwa a ƙofar gona.

To, amma mutumin birni ba zai tuƙo mota na tsawon awa guda domin kwalba ɗaya ba. Abinci ne ke kawo shi, abinci ne kuma ke zaunar da shi har ya yi sayayya. Galibin waɗannan gidaje abincin rana suka fi mai da hankali a kai. Akan kama wuri tun kafin ranar, sau da yawa tare da ba da kafin alƙalami, kana a ci abinci kashi biyu ko uku bisa tsayayyen farashi. Wannan tsari yana ba kuku damar sanin adadin bakin da zai ciyar, don haka asarar cefane ba ta da yawa. Abin da ake kawowa a kan tebur yakan fito ne daga maƙwabta: naman rago, da kifin ruwan sanyi, da cukun gidajen madara na kwarin, da kayan lambu na lokacin. Ta haka kuɗin baƙo ɗaya ke ratsa hannun makiyayi da masunci da mai lambu. Har ila yau, gonaki da dama suna ba da hayar filayensu domin bukukuwan aure da tarurrukan kamfanoni, yayin da masu TarraWarra suka gina gidan adana zane-zane kusa da gonarsu a shekarar 2003.

Duk da haka, wanda ya dogara da baƙi ya rataya arzikinsa a kan hanya da yanayi. A ranar 7 ga Fabrairu, 2009, wutar daji ta hallaka mutum 173 a jihar, ta kuma ratsa wasu sassan kwarin ana dab da girbi, domin a can ana tsinkar inabi ne daga Fabrairu zuwa Afrilu. Inabin da wuta ba ta ci ba ma yakan shaƙi hayaƙi ya lalace. Kafin nan, a ƙarshen 2006, an gano ƙwaron filoksera mai cin saiwar kuranga a yankin, wanda maganinsa shi ne a tumɓuke a sake dasa irin da aka ɗaura a kan saiwar inabin Amurka, a kuma jira kimanin shekara 3 kafin sabon dashe ya ba da amfani. Annobar korona ta sa an kulle Melbourne na jimillar kwana 262 tsakanin 2020 da 2021, har a wasu lokuta aka hana mutane wuce kilomita 5 daga gidajensu. Daɗin daɗawa, ƙasar Sin ta ɗora wa giyar inabin Ostareliya harajin da ya kai kashi 218 cikin 100, ba ta janye ba sai a watan Maris na 2024. Manoman da ke dogara da kasuwar waje ne suka fi jin jiki, amma hajar da ta rasa mai saye a waje ta dawo ta cika kasuwar cikin gida.

Girkawan Da Suka Fara Da Abincin Wasu

Labarin Girkawa ya bi wata hanya dabam. A shekarar 1878 wani mutumin tsibirin Kythera, Athanasios Kominos, ya buɗe shagon kifi a Sydney. Ya riƙa ɗauko 'yan'uwa daga gida suna koyon aiki a ƙarƙashinsa, wanda ya ƙware a taimaka masa ya buɗe nasa, shi ma ya ɗauko na baya. Da wannan tsari na uban gida da yaro shagunan Girkawa suka bazu har cikin ƙananan garuruwan karkara. Abin mamaki shi ne, ba abincin Girka suke sayarwa ba. Soyayyen nama da ƙwai, da kifi da dankali, da askirim irin na Amurka su ne hajarsu, domin abin da masu gari ke so ke nan. A shekarar 1932 Joachim Tavlaridis, wanda aka fi sani da Mick Adams, ya buɗe shagon sayar da madara mai sanyi a Martin Place da ke Sydney, sana'ar da ta yaɗu ko'ina a ƙasar cikin 'yan shekaru.

Al'amura sun sauya bayan yarjejeniyar tallafa wa masu ƙaura da Ostareliya ta ƙulla da Girka a shekarar 1952. Dubban Girkawa suka sauka a Melbourne suka kama aiki a masana'antu, ciki har da na ƙera motoci. Yawansu ya samar da kasuwar abincin gida, titin Lonsdale ya zama matattararsu. A daidai wannan zamani tsofaffin shagunan suka fara ja da baya, saboda shigowar KFC a 1968 da McDonald's a 1971, da kuma sababbin manyan hanyoyi da suka kewaye ƙananan garuruwa. Da kiɗa ya sauya sai rawa ta sauya, Girkawa suka koma sayar da nasu abincin ga kowa. Gidan abinci na Stalactites da aka buɗe a titin Lonsdale a 1978 yana cikin shaidun wannan zamani. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa kimanin mutum 425,000 a Ostareliya ne ke da asalin Girka, fiye da 180,000 daga cikinsu a jihar Biktoriya suke.

A teburin Girkawa ba a ware wa kowa nasa. Akan fara da ƙananan faranti da ake kira meze, a jera su a tsakiya kowa ya sa hannu: kindirmo mai kauri da aka haɗa da kokwamba da tafarnuwa, da shinkafar da aka naɗe cikin ganyen inabi, da soyayyen cuku da aka matsa wa lemon tsami, da zaitun, da gurasa. Sa'an nan a kawo suflaki, watau tsiren Girkawa da ake gasawa a kan gawayi, ko musaka, wadda ake jera baƙin gauta da niƙaƙƙen nama a gasa a tanda. A rufe da wani soyayyen ƙulli mai kama da fanke da ake zuba wa zuma. Ta fuskar kasuwanci, ribar wannan tsari tana cikin ƙananan farantan ne, domin kayan haɗinsu ba su da tsada, ana shirya su tun da safe, kuma suna jawo iyali guda ko ayarin abokai maimakon mutum ɗaya.

Ranar Biyan Ma'aikata

Tsofaffin shagunan sun tsaya ne da gumin iyali, inda mata da 'ya'ya ke aiki ba tare da albashi ba. Wanda ya faɗaɗa ya ɗauki bare kuwa, dole ya bi dokar ƙwadago, wadda ta tanadi ƙarin lada ga aikin Asabar da Lahadi da ranakun hutu, watau ranakun da ciniki ya fi kankama. A watan Yuli na 2025 mafi ƙarancin albashi a ƙasar ya kai dala 24.95 a awa ɗaya.

Shahararren kukun nan ɗan asalin Girka, George Calombaris, wanda ya yi alƙalanci a shirin talbijin na MasterChef, ya buɗe The Press Club a 2006, kana ya biyo da Hellenic Republic da Jimmy Grants. A watan Yuli na 2019 hukumar kare haƙƙin ma'aikata ta Fair Work Ombudsman ta bayyana cewa kamfaninsa ya biya ma'aikata 515 ƙasa da haƙƙinsu da dala miliyan 7.8. Kamfanin ya biya kuɗin, ya kuma ƙara da dala 200,000 ga gwamnati, amma masu cin abinci suka ƙaurace. A watan Fabrairu na 2020 ya durƙushe, aka rufe gidaje 12, kimanin mutum 400 suka rasa aiki. Jihar Biktoriya ta mai da tauye albashi da gangan laifin da ka iya kai mutum gidan yari daga Yuli 2021, gwamnatin tarayya kuma ta bi sahu daga 1 ga Janairu, 2025. Dokar ta hau kan mai gonar inabi kamar yadda ta hau kan mai gasa suflaki.

Haka kuma, tsadar cefane ta ƙara matsa wa gidajen Girkawa. Farin da ya addabi ƙasar Sifen ya sa farashin man zaitun a kasuwar duniya ya ninka fiye da sau biyu tsakanin 2022 da farkon 2024, alhali kusan babu girkin Girkawa da ba a sa shi. Cukun feta ma ya shiga siyasar ciniki. Tun 2002 Tarayyar Turai ta keɓe wannan suna ga cukun madarar tumaki da awaki da aka yi a Girka, yayin da masu yin cuku a Ostareliya ke amfani da sunan a kan nasu. Batun yana cikin abubuwan da aka yi ta ja-in-ja a kai a tattaunawar cinikin da ɓangarorin biyu suka fara a 2018, wadda ta cije a watan Oktoba na 2023.

Ga ɗan kasuwar da harka ta kai shi can aka gayyace shi cin abinci, akwai abubuwan lura. Farashin da ke kan takardar abinci ya haɗa da haraji, tukuici kuma ba dole ba ne, amma gidaje da yawa suna ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a ranakun Lahadi ko na hutu, kuma doka ta wajabta su rubuta hakan a fili. A ƙasar Girka da naman alade aka fi yin suflaki, a Melbourne kuwa na rago da na kaza suka fi yawa saboda wadatar tumaki, sai dai wannan bai nuna cewa yankan halal ne ba, don haka tambaya ta zama wajibi. A gonar inabi ana samun ruwan 'ya'yan itace da shayi da kofi ga wanda ba ya shan giya, amma kuku yakan zuba giya a cikin wasu miyagu, ya kamata a sanar da shi tun lokacin kama wuri.

A nan gida Najeriya, manoman ƙaramar hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, musamman na yankin Hunkuyi da ke kusa da Zariya, sun yi suna wajen noman inabi na ci. Hajarsu ba ta jure ajiya, wannan kuwa yana ƙara wa mai sari ƙarfin faɗa a ji a kan farashi. Abin da manoman Yarra suka tanada kafin mai saye ya fara zuwa da ƙafarsa shi ne hanya mai kyau daga birni, da ɗakin sanyi, da wurin zama mai tsabta, da littafin albashi da zai iya jure binciken hukuma.