Sabon Gari da Hanyar Safa: Tun Ran Gini Tun Ran Zane

'Yan'uwa manoma, yawancin garuruwanmu da kansu suka girma: wani ya kafa bukka kusa da rijiya, wani ya biyo shi, har kasuwa ta kafu. Amma akwai garuruwan da sai da aka zana su a takarda kafin a aza tubali ko ɗaya. Za mu duba biyu daga cikinsu a ƙasar Ingila, mu ga yadda suka yi da maganar safa, wato motar da talaka ke shiga.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, bom ya rushe gidaje masu yawa a Landan, mutane kuwa suna zaune a cunkushe. Saboda haka a 1946 Gwamnati ta yi dokar gina sababbin garuruwa. Na farko shi ne Stevenage, wajen mil 30 arewa da Landan. Daga baya wasu suka biyo.

Runcorn

A 1964 aka zaɓi Runcorn, kusa da Liverpool. Mai zanen garin, Arthur Ling, ya fara da tambayar yadda mutane za su riƙa zuwa aiki da kasuwa. Sai ya zana hanya ta safa kaɗai, wadda ƙananan motoci ba sa bi. Siffarta kamar lamba 8 take, babbar kasuwa kuma tana tsakiya. Sa'an nan aka jera unguwanni da makarantu a gefenta, don kada tafiya daga gida zuwa tasha ta wuce kamar minti 5 a ƙafa. An buɗe sashen farko a 1971, aka gama a 1980, tsawonta mil 14. Gaskiya ne mutane sun ci gaba da sayen motoci, fasinjoji ba su kai yawan da aka zata ba. Duk da haka hanyar tana nan tana aiki har yau.

Milton Keynes

Wannan gari kuwa a 1967 aka zaɓi wurinsa, aka shirya shi domin mutum 250,000. Masu zanensa sun ɗauka kusan kowane gida zai sami mota. Suka shimfiɗa manyan tituna a tsaye da a gicciye, kamar saƙar tabarma, tsakanin titi da titi wajen kilomita 1. Gidaje suna can ciki, bayan itatuwa. Mai mota ya ji daɗi ƙwarai. Direban safa fa? In ya tsaya kan babban titi, tsohuwa da mai goyo sai sun yi doguwar tafiya kafin su kai tasha. In ya shiga cikin unguwanni yana kewaye-kewaye, lokaci ya tafi, mai ya ƙone, kuɗin da aka karɓa bai biya ba. A 1975 aka gwada ƙananan motoci waɗanda mutum zai kira ta waya su zo su ɗauke shi, amma bayan 'yan shekaru aka daina. Abin da zane ya ɓata, gyaransa da wuya.

A nan gida

Mu ma muna da garin da aka zana. A 1976 Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina Abuja, aka ƙaura daga Ikko a 1991. Titunanta faɗi gare su, amma ƙananan ma'aikata da yawa a Nyanya, Kubwa da Mararraba suke kwana. Tun asuba suke tsaye bakin hanya suna jiran mota, kuɗin shiga kuma yana cin albashinsu.

Wannan magana ta shafe mu. Ran da ƙungiyarmu za ta zaɓi filin ɗakin ajiyar hatsi, ko injin niƙa, ko asibiti, kada arhar fili ta ruɗe mu. Mu fara tambaya: mota za ta iya zuwa nan da damina? Wanda ba shi da keke ko babur, minti nawa zai yi ɗauke da buhu? Mu amsa waɗannan tukuna, sa'an nan mu kira magina.