Abin Da Asibiti Ke Koya Daga Jirgin Sama

Ran 11 ga Yuli, 1991, wani jirgin alhazai ya tashi daga Jidda zai zo Sakkwato. Bai yi nisa ba wuta ta kama shi, ya faɗi. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya tsira. Allah ya jiƙan su.

Masu bincike sun gano dalili. Tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska. Makanikai sun sani, amma ana sauri. Sai aka rubuta ƙarya a littafin aiki, wai iska ta cika. Wajen tashi tayoyi suka fashe, wuta ta tashi, ta ci jirgin.

A harkar jirgi, irin wannan bincike dole ne. Akwai akwatin da ke ɗaukar maganar matuƙa. Ana ce masa baƙin akwati, ko da yake ruwan lemo ne. A saurare shi, a buga rahoto, kowa ya karanta. Manufar ita ce kada abin ya sake faruwa.

A asibiti ma ana kuskure. Akan ba da maganin da ba shi ba, ko a manta auduga a cikin wanda aka yi wa tiyata. Sai dai mara lafiya shi kaɗai yake mutuwa, ba ƙara, ba hayaƙi. Ma'aikaci na tsoron kora, ya yi shiru. Dangi su ce kwana ya ƙare. Gobe kuskuren ya faɗa kan wani.

An fara gyara. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar dubawa, irin wadda matuƙa ke karantawa kafin tashi. Kafin tiyata a tabbatar da sunan mara lafiya da wurin da za a yanka. Kafin ɗinki a ƙirga auduga da allurai.

Mai jinya ma yana da nasa aikin. Wanda ya kai matarsa asibiti daga Yalwawa ko ƙauyukan Dutse, ya faɗi gaskiya. Tun yaushe take naƙuda a gida? Wane jiƙo ta sha? Wace allura aka yi mata a kemis? Ɓoye wannan daidai yake da ɓoye iskar taya. Kuma in an ba shi magani, ya tambayi sunansa da yadda ake sha. In ya ga ƙuraje ko kumburi, ya koma da kwalin a hannu.