Idan Sigina Ta Rikice: Yadda Ake Gane Ciwon Tsohuwar Mota Kafin A Kai Ta Gareji

Akwai lokacin da Peugeot 504 ta zama tamkar hatimin aikin gwamnati a Najeriya. Motar ta fito a Faransa a 1968, ta lashe kambun motar shekara ta nahiyar Turai a 1969, sannan masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har zuwa tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransawa sun daɗe da daina ƙera ta. Da ita aka kai manyan sakatarori ofis, da ita kuma ma'aikata da yawa suka kwaso iyalansu daga Legas lokacin da gwamnati ta ƙauro Abuja a 1991. Har yau akan ga jefi-jefinta a titunan birnin tarayya, ita da tsofaffin Marsandi da Volkswagen Beetle, wasu gadon iyaye ne, wasu kuma masu su ne suka ƙi rabuwa da su.

Masu irin waɗannan motoci sun san darajar inji da giya, suna kuma kashe musu kuɗi ba tare da ƙyashi ba. Abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne fitilar sigina. Ga shi kuwa titunan Abuja ba sa yafe wannan sakaci. Direban da zai sauka daga babban titin Kubwa, ko zai sauya layi a hanyar filin jirgin sama, ko zai fita daga shataletalen Berger da safe, ba shi da wata hanyar sanar da na bayansa niyyarsa sai wannan ɗan ƙwan fitila mai ƙyaftawa. Idan ya mutu, ko ya yi ƙarya, na baya zai yi lissafinsa ne a kan abin da bai faru ba. Bayan haɗarin rai, akwai jami'an hukumar kiyaye haɗurra da na duba lafiyar ababen hawa, waɗanda fitila mara aiki laifi ce a wurinsu, komai tsufan motar da kyawun fentinta.

Abin farin ciki shi ne siginar tsohuwar mota ba ta ɓoye ciwonta. Yadda take ƙyaftawa, da sauri ko a hankali, gefe ɗaya ko duka biyu, shi ne bayanin abin da ke damunta. Wanda ya iya karanta wannan bayani zai tsira daga sayen kayan da ba ya bukata, zai kuma tsare wayoyin motarsa daga almakashin mai gaggawa.

Hanyar da wuta ke bi

Tsarin ba shi da wuya. Wuta takan taso daga batir, ta ratsa fiyus, ta shiga wata 'yar na'ura da masu wayarin ke kira filasha, daga nan ta isa hannun sigina da ke jikin sitiyari. Hannun ne ke tura ta hagu ko dama, zuwa ƙwan gaba da na baya, da ɗan ƙaramin ƙwan da ke ƙyaftawa a gaban direba. Bayan ta haska ƙwan, dole ta koma batir, kuma ba ta waya take komawa ba, ta ƙarfen jikin motar take bi. Wannan hanyar komawa ita ce rabin tafiyar, ita ce kuma aka fi mantawa da ita.

Kowane babban ƙwan sigina wat 21 ne a kan wuta mai ƙarfin bolt 12, wato yana jan amfiya ɗaya da kashi uku bisa huɗu. Biyu a gefe guda suna jan kusan uku da rabi. Wannan lissafi yana da muhimmanci, domin tsohuwar filasha da nauyin wutar take aiki. A cikinta akwai siririn ƙarfe da aka yi da ƙarafa biyu manne da juna, waɗanda zafi ba ya miƙar da su daidai. Wuta ta ratsa, ƙarfen ya yi zafi ya lanƙwashe, hanya ta yanke, fitila ta mutu. Ya huce ya miƙe, hanya ta haɗu, fitila ta kama. Ƙarar “ƙas-ƙas” da direba ke ji motsin wannan ƙarfe ne. Ƙa'idar da masu ƙera motoci ke bi ita ce ƙyaftawa 60 zuwa 120 a minti ɗaya. Duk abin da ya rage ko ya ƙara wutar da ke ratsawa zai sauya wannan kiɗa.

Filashar da ta zo daga baya ta lantarki ce, kuma ita aka fi samu yanzu a shagunan kayan gyara. Ita an tsara ta ne ta ninka saurinta idan ta ji nauyi ya ragu, domin ta ankarar da direba. Saboda haka ciwo ɗaya yana iya bayyana da fuska biyu, gwargwadon irin filashar da ke cikin motar.

Abin da kowace alama ke nufi

Idan gefe ɗaya yana aiki lafiya, ɗayan kuma yana gudu kamar ana korar sa, ko ya kama ya tsaya cak ba ya ƙyaftawa, to filasha ba ta da laifi, domin ita ɗaya ce ke yi wa ɓangarorin biyu hidima. Ƙwai ɗaya ne ya ƙone a wannan gefen, ko gidansa ya yi tsatsa, ko an saka ƙwan da bai kai wat 21 ba. Filashar lantarki takan yi gudu, ta ƙarfe kuma takan yi nawa ko ta tsaya, saboda wutar ƙwai ɗaya ba ta isa ta zafafa ƙarfen ba. Sai a kunna, a zagaya motar, a ga wanda bai kama ba.

Idan ɓangarorin biyu suna kamawa amma babu mai ƙyaftawa, alhali ƙwayayen duk lafiyarsu ƙalau, a nan ne ake tuhumar filasha. Idan kuma babu abin da ke kamawa sam, hagu da dama, fiyus ne farkon abin dubawa. Tsofaffin motocin Jamus suna da fiyus mai siffar harsashi, fari amfiya 8, ja 16, shuɗi 25, kuma sau da yawa ba ƙonewa yake yi ba, bakinsa ne ke yin datti. Murza shi a mazauninsa kaɗai yakan dawo da wuta.

Akwai wani wuri da ba a cika zargi ba: makunnin fitilar haɗari, mai kunna sigina huɗu a lokaci guda. A motoci da yawa wutar sigina ta cikinsa take bi kafin ta isa filasha, a wasu tsofaffin Marsandi ma filashar a cikinsa take. Makunnin da ya shekara ba a taɓa shi ba yakan tara ƙura da tsatsa. Idan fitilar haɗari tana aiki amma sigina ba ta yi, an tabbatar ƙwayaye da wayoyinsu lafiya suke, saura makunnin, ko fiyus ɗin sigina, ko hannun da ke jikin sitiyari. Danna makunnin sau goma ko ashirin a jere yakan share bakin ƙarafansa.

Idan sigina tana nawa lokacin da mota ke tsaye a danja, ta kuma farfaɗo da zarar an taka totur, matsalar ta wuce fitila. Wutar motar ce ta yi ƙasa. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji a kashe yake, idan kuma yana aiki ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka na nufin batir ya gaji, ko na'urar caji ta raunana, ko bel ɗinta ya saki. A nan siginar gargaɗi take yi tun kafin motar ta ƙi tashi wata safiya.

Lokacin da fitilu suka shiga aikin juna

Alamar da ta fi rikita mutane ita ce wadda fitilun baya ke cuɗanya. A kunna sigina, fitilar birki ta riƙa ƙyaftawa dishi-dishi. A taka birki, sigina ta tsaya. Ko a kunna fitilar dare, ɗan ƙwan gaban direba ya yi haske ba a taɓa shi ba. Wasu kan ɗauka wayoyi ne suka haɗu, har a fara maganar kwance wayarin motar baki ɗaya. Galibi ba haka ba ne. Hanyar komawar wuta ce ta toshe.

Duk ƙwayayen da ke cikin gidan fitilar baya hanya ɗaya suke bi su koma jikin mota, ta wata 'yar waya ko ta ƙusar da ta ɗaure gidan. Idan tsatsa ta ci wannan mahaɗa, wutar ba ta haƙura; sai ta nemi wata ƙofa, ta bi ta cikin ƙwan birki ko na dare ta fita. Shi ya sa suke haske rabi-rabi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yanayinmu gwani ne wajen tsaga wannan bango: ƙurar hunturu ta shiga ta robar da ta bushe, ruwan damina ya biyo ta, su haɗu su zama laka a gindin ƙwai. Motar da aka yi wa sabon fenti ma takan kamu, domin fenti ba ya barin wuta ta wuce, kuma mai feshi ba ya tuna ya kankare wurin da wayar ke zama.

Gwajin yana da sauƙi. A ɗauki doguwar waya, a maƙala kai ɗaya a ƙafar batir mai alamar ragi, ɗaya kan a taɓa ƙarfen gidan ƙwan. Idan fitilu suka dawo hayyacinsu nan take, an kama ɓarawon. Maganinsa a kwance mahaɗar, a goge ta da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris don hana tsatsa dawowa.

Wani abin da ke haifar da irin wannan cuɗanya shi ne ƙwan da ba na wurin ba. Ƙwan sigina zare ɗaya gare shi da ɗigo ɗaya a gindi. Na birki da dare zare biyu ne, wat 21 da wat 5, ɗigo biyu a gindi, kunnuwansa kuma ba a tsaye ɗaya suke ba. Idan aka cusa mai ɗigo ɗaya a gidan mai biyu da ƙarfin tsiya, zai haɗe hanyoyin biyu, motar ta fara abin da ba a sa ta ba.

Sabon ƙwai a tsohon gida

Masu son haske mai ƙarfi sukan sauya ƙwayayen da na LED, sai su tarar sigina ta haukace ko ta ƙi motsi. Dalilin dai shi ne lissafin da ya gabata: sabon ƙwan wuta kaɗan yake ja, filasha kuma sai ta ɗauka ƙwai ya ƙone. Mafita biyu ce. Ko dai a sayi filashar da aka yi domin LED, ko a ƙara wa kowane ƙwai abin cin wuta mai om 6 da wat 50. Na farkon ya fi tsafta, domin na biyun zafi yake yi sosai, dole a ɗaure shi a jikin ƙarfe nesa da roba. A motar da ɗan ƙwan gaban direba guda ɗaya ne na hagu da dama, wuta takan sulale ta cikinsa zuwa ɗaya gefen har fitilu huɗu su kama tare, sai an sa masa abin da ke hana wuta komawa baya.

Kafin a miƙa makulli

Wanda zai kai motarsa wurin mai wayarin, a Apo ne ko a Panteka ta Kaduna, ya je da bayani, ba da “sigina ta lalace” kawai ba. Ya faɗi gefen, da saurin, da abin da ke faruwa idan an taka birki ko an kunna fitilar haɗari. Ya nemi a bi tsari daga mai arha zuwa mai tsada: ƙwai, gidan ƙwai, mahaɗar jiki, fiyus, makunnin haɗari, filasha, sannan hannun sitiyari. Gwada filasha ba ya bukatar sayen sabuwa. A irin ta Jamus ƙafafunta suna da lamba: 49 shigar wuta, 49a fitarta, 31 jikin mota. Idan aka haɗa 49 da 49a da guntuwar waya, aka karkata hannun sigina, fitilun gefen suka kama suka tsaya, to sauran hanyar lafiya take, filashar ce ta mutu.

Abubuwa biyu ne bai kamata mai mota ya yarda da su ba. Na farko, naɗe fiyus da zaren waya ko takardar sigari, ko saka wanda ya fi na asali girma. Fiyus da ke yawan ƙonewa yana faɗin cewa wata waya ta saluɓe tana taɓa ƙarfe, kuma toshe masa baki gayyatar gobara ce a motar da robar wayoyinta ta shekara arba'in tana shan rana. Na biyu, yanke wayar asali a ja sabuwa ta gefe ba tare da an gano ciwon ba. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne: yau fitila ta kama, gobe wanda zai gyara ba zai gane kan wayoyin ba, darajar motar kuma ta faɗi.

A duba murfin fitilar ma. Rana takan kodar da ruwan lemonsa har ya koma fari-fari, madubin ciki ya dushe, ta yadda sigina mai aiki ba za ta ganu da tsakar rana ba. Wanke ciki da sauya murfi aikin rabin sa'a ne.

Sauran abin da ya rage ɗabi'a ce. Sau ɗaya a mako, kafin a fita, a kunna hagu, a kunna dama, a taka birki, a sa yaro ko maigadi ya tsaya a baya ya faɗi abin da ya gani. Minti biyu ne, kuma su ne ke tabbatar da cewa abin da direba ya nufa a Kubwa ko Nyanya shi ne abin da na bayansa ya karanta.