Satifiket ɗin Nazarin Laifuka da Tsaro: Kafin a Sayar da Citta a Biya

Tun da matsalar tsaro ta addabi Kudancin Kaduna, matasa da dama a Kagoro, Manchok da Kafanchan suka ɗora ido a kan aikin ɗamara. Masu tallan kwas sun lura da haka. Sai ka ga takarda manne a ƙofar shagon fotokwafi, da hoton ankwa da ma'aunin shari'a, ana alkawarin satifiket a fannin nazarin laifuka da tsaro cikin 'yan watanni. Uba ya sayar da buhunan citta, ɗa ya yi rajista, ana sa ran kaki zai biyo baya.

Matsalar ita ce hukumomin da ke ɗaukar aiki ba sa fara duba sunan kwas. Matakin takarda suke dubawa. A ɗaukar kurtun ɗan sanda, abin da ake nema shi ne sakamakon sakandare mai kiredit 5 haɗe da Turanci da Lissafi, shekaru 18 zuwa 25, sai tsayi da lafiyar jiki. Wanda ya zo da satifiket na wata 6 da wanda bai taɓa jin sunan kwas ɗin ba layi ɗaya za su bi, horo ɗaya za su sha a kwalejin 'yan sanda, muƙami ɗaya za su fito da shi. Haka abin yake a hukumar da ke ɗaukar ma'aikatan Sibil Difens, gidan gyaran hali, kashe gobara da shige da fice: mai digiri yana shiga ne a matakin albashi na 8, mai ND ko NCE a ƙasa da shi, mai takardar sakandare a can ƙasa. Gajeren satifiket ba shi da gurbi a wannan tsani.

Akwai kuma ruɗanin da ya kamata a warware. Wannan karatu ba ya mai da mutum lauya. Lauya sai ya yi digirin shari'a, ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi, an rantsar da shi. Na sha jin iyaye suna cewa "yarona yana karatun shari'a", alhali abin da yake karantawa ya fi kusa da ilimin zamantakewa.

To, ina amfanin yake? Yana wurin wanda ya riga ya sa kaki. Kofur ko sajan da ke aiki a Kafanchan, ko ma'aikacin gidan gyaran hali na garin, idan ya yi cikakken digiri a fannin, kamar wanda Jami'ar NOUN ke bayarwa ta karatu daga nesa, yana da albashin da zai biya kuɗin zango, kuma darasin yana haɗuwa da abin da yake gani kullum: rubuta bayanin wanda ake zargi, adana shaida, sharuɗɗan beli. Dokokin ma sun canja. An yi dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya a 2015, Jihar Kaduna ta yi tata a 2017, sannan a 2019 aka mai da hukumar gidajen yari ta zama ta gyaran hali, aka shigo da hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin gayya ga al'umma da sa ido kan mai laifi a waje. Wannan aiki yana buƙatar masu ilimi. Sai dai jami'i ya nemi izinin karatu a rubuce kafin ya fara, don kada ya gama a ƙi sa takardar a fayil ɗinsa.

Wajen lissafin kuɗi, jama'a kan tsaya a kuɗin makaranta kawai. A ƙara da kuɗin mota zuwa wurin jarrabawa, data, buga takardu, da daminar da ba a yi noma ba. Wanda ya ga yadda cuta ta cinye gonakin citta a 2023 ya san kuɗin nan ba a ƙasa ake tsintar su ba.

Sai batun sahihanci. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako 6, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo. Digiri a Nijeriya hukumar NUC ce ke amincewa da shi. ND da HND kuwa NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna. Ko difloma ta cikin jami'a ba lallai a ɗauke ta daidai da ND ba.

Ga matashin da ya gama sakandare da kiredit masu kyau, shawarata ya nemi Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil, inda ake fita da digiri da muƙamin ASP, ko ya nemi cikakken digiri a jami'a irin ta Tarayya da ke Dutse. Wanda kiredit ɗinsa bai cika ba, ya sa kuɗin a sake rubuta WAEC ko NECO. Iyaye kuma, kafin ku ciro ko sisi, ku sa mai tallan kwas ya nuna muku sunan makarantarsa a jerin NUC ko NBTE.