Kuɗin ƙananan hukumomi: Kotu ta yi nata, saura masu bin sawu a unguwanni

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni-Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da gwamnonin jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin, kuma abu biyu ne ƙashin bayansa. Na farko, a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu na wata-wata kai-tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Na biyu, naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni ya saɓa wa kundin tsarin mulki, kuma duk ƙaramar hukumar da ba ta da zaɓaɓɓen ciyaman da kansiloli ba za a ba ta ko sisi ba.

An yi murna a lokacin, musamman ma'aikatan ƙananan hukumomi da ƙungiyarsu ta NULGE, wadda ta shafe shekaru tana wannan fafutuka. Amma fiye da shekara guda bayan hukuncin, ƙungiyar na ci gaba da kuka cewa a yawancin jihohi kuɗin na bi ta tsohuwar hanyarsu. An ce sai kowace ƙaramar hukuma ta buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya, aka gindaya sharuɗɗa, magana ta yi ta tafiyar hawainiya. A Anambra ma majalisar jiha doka ta yi a Oktoban 2024 wadda ta wajabta wa ƙananan hukumomi zuba wani kaso na kuɗinsu a asusun da jiha ke da hannu a ciki.

Wannan ja-in-ja tsakanin Abuja da gwamnoni shi ne jaridu suka fi mayar da hankali a kai. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: ko da kuɗin sun iso sakatariyar ƙaramar hukuma gobe da safe, wa zai san sun iso, kuma wa zai tambayi inda suka shiga?

Kuɗin ba kaɗan ba ne

Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kashi 20.60. A harajin VAT kuwa kason ƙananan hukumomi kashi 35 ne, kuma sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ba su taɓa wannan kaso ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira, abin da kwamitin FAAC ke rabawa a wata ya haura naira tiriliyan 1, a wasu watannin 2025 ma ya kai tiriliyan 2.

Wato talakan da ke sayen litar fetur da tsadar da bai taɓa gani ba, shi ne ya biya wannan ƙari daga aljihunsa. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna da Sakkwato 23 kowacce. Ayyukan da kundin tsarin mulki ya ɗora musu su ne waɗanda suka fi kusa da ƙofar gidan mutum: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa, ƙananan hanyoyi, da sa hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi. Idan kwalbatin unguwarku ta toshe damina ta cinye gidaje, ba aikin minista ba ne.

Gwamnoni suna da hujjarsu, kuma ba duka ce ta banza ba. Daga asusun haɗin gwiwa ake cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarautu. Malaman da suka daɗe a aiki na tuna farkon shekarun 1990, lokacin da aka miƙa biyan albashinsu ga ƙananan hukumomi suka yi watanni ba a biya su ba. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana ɗari-ɗari da batun, tana neman a tsame albashin malamai daga hannun ciyamomi. Ma'ana, cire hannun gwamna kaɗai ba ya tabbatar da cewa kuɗin za su yi aiki. Ana iya raba ɓarna ɗaya babba zuwa ƙanana 44.

Zaɓukan da suka biyo bayan hukuncin sun ƙara nuna haka. Jihohi sun yi ta rige-rigen shirya zaɓe don kada a riƙe musu kuɗi. A Oktoban 2024 APC ta lashe duka kujerun ciyaman 27 a Jigawa da duka 23 a Kaduna, NNPP ta lashe duka 44 a Kano. Hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya zaɓen, gwamna ne ke naɗa shugabanninsu. Ciyaman ɗin da ya san wanda ya ɗora shi a kujera, ya san wanda zai yi wa biyayya ko da kuɗin sun sauka a asusunsa.

Darasin Bagega

Duk mai ganin cewa bin sawun kuɗin gwamnati aikin manyan lauyoyin Abuja ne, ya waiwayi Bagega, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Anka ta Jihar Zamfara.

A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ce ke kashe yara a ƙauyukan yankin. Yara fiye da 400 suka mutu. An tsaftace wasu ƙauyukan, amma Bagega, wadda ta fi su girma da yawan guba, ta zauna jira. Likitoci sun ce ba za su fara bai wa yaran magani ba sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar an zuba sabuwa, domin yaron da aka wanke wa jini ya koma wasa a tsakar gidan nan, an yi aikin baban giwa ke nan. Yara kusan 1,500 ke jiran magani. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin kimanin naira miliyan 850, kuɗin suka maƙale a tsakanin ofisoshi.

A nan ne wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka fara abin da ya zama Follow The Money. Ba su nemi a gyara Najeriya gaba ɗaya ba. Sun kama adadi ɗaya, ƙauye ɗaya, da tambaya ɗaya: ina kuɗin Bagega? Suka je ƙauyen, suka ɗauko hotuna da muryoyin iyaye, suka yaɗa a Twitter da Facebook da taken #SaveBagega, Human Rights Watch da wasu 'yan majalisa suka shigo ciki. A Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka fara aikin tsaftace ƙauyen a shekarar, yara suka fara karɓar magani.

Abin lura a nan shi ne ba su tsaya ranar da aka ce an saki kuɗin ba. Sun ci gaba da komawa ƙauyen suna duba ko aikin na tafiya. A nan yawancin fafutukarmu ke mutuwa: da zarar an ji sanarwa a rediyo cewa gwamnati ta amince, sai kowa ya naɗe tabarmarsa.

Shekaru goma sha ɗaya bayan haka, Kano ta ga irin wannan a wani salo. A Agustan 2024 Bello Galadanci, wanda aka fi sani da Ɗan Bello, ya fitar da bidiyo da takardu kan wata kwangilar sayen magunguna da aka ce an umarci kowace daga cikin ƙananan hukumomi 44 ta biya kuɗinta. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ce bai san da ita ba, ya umarci hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar ta bincika. Ko me mutum ke gani game da salon barkwancin Ɗan Bello, abin da ya motsa gidan gwamnati takarda ce mai adadi da kwanan wata, cikin Hausar da mai shayi da ɗan adaidaita suka fahimta.

A watan nan ne kuma aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa ta kwana goma. Fushin na gaskiya ne, yunwar ma ta gaskiya ce. Amma a Kano abin ya ƙare da fasa shaguna da dokar hana fita, Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a faɗin ƙasar, kuma a Nuwamba ƙasa ta ga ƙananan yara suna faɗuwa don galabaita a gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Farashin fetur bai sauka ba. Buƙatun sun yi yawa, kuma babu wani jami'i ɗaya da za a nuna a ce kai ne za ka amsa wannan.

Kayan aikin suna nan a ajiye

Abin mamaki, yawancin abin da ƙungiyar ci gaban unguwa ke buƙata don ta fara riƙe ciyaman ɗinta tuni yana nan.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Akanta-Janar na wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga FAAC, suna bi suna, wata bi wata. Duk mai wayar da ke hawa intanet zai iya ganin abin da aka rubuta wa Dala ko Ringim ko Funtuwa. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a 2011, tana sauƙaƙa waɗannan alƙaluma, kuma shirinta na Tracka yana bin ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa tun 2014, yana kai wa mutanen gari takardar da ke nuna an ware kuɗin rijiyar burtsatse ko ajujuwa da sunan garinsu. Hukumar ICPC ma tun 2019 take bin irin waɗannan ayyuka, kuma an sha ganin ɗan kwangila ya dawo bakin aikin da ya gudu ya bari da ya ji ana cigiyarsa.

Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardu, hukumar kuma ta amsa cikin kwana bakwai, ba tare da mai tambaya ya faɗi dalilinsa ba. Shekaru da dama jihohi na fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa a wata ƙara da ta taso daga Jihar Edo, ta ce dokar ta shafi dukkan matakan gwamnati. Wasiƙa mai shafi ɗaya, a kai ta ofishin sakataren ƙaramar hukuma, a karɓo kwafi mai hatimi da kwanan wata. Ko ba a amsa ba, wannan kwafin shi ne abin da za a riƙe a tafi gidan rediyo, shirye-shirye irin su Inda Ranka na Freedom Radio sun daɗe da nuna cewa jami'in da ya ƙi amsa wasiƙa yakan amsa kiran ɗan jarida.

A Kaduna an gwada wani tsari da ake kira Community Development Charter, inda al'umma ke zama su jera buƙatunsu bisa muhimmanci a miƙa don a sa a kasafin kuɗi, ga kuma manhajar Eyes and Ears da mutane ke aika hoton aikin gwamnati da ra'ayinsu a kai. Amfanin irin wannan shi ne yana barin shaida: ga abin da muka nema, ga abin da aka sa, ga abin da aka yi.

Wanda aka fi mantawa da shi, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne kusa, shi ne kwamitin ci gaban mazaɓa da ke kula da asibitin sha-ka-tafi. A ƙarƙashin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 an kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma wani ɓangare nasa na sauka kai-tsaye a asusun bankin asibitocin da aka zaɓa a mazaɓu. Tsarin ya bai wa wannan kwamiti hannu a tsara yadda za a kashe kuɗin da sa ido a kansu. Makarantun firamare su ma suna da nasu kwamitin, SBMC. Kujerun nan na mutanen gari ne. Amma a wurare da dama sai ka tarar ɗan uwan kansila ne a kai, ko wani dattijon da aka rubuta sunansa bai ma sani ba, mata kuwa, waɗanda su ne ke kwana a asibitin da yara, an sa ɗaya don cika sharaɗi.

Inda gizo ke saƙa

Ba za a ce hanyar babu ƙaya ba. A birni wanda ya yi tambaya baƙo ne ga wanda ya tambaya. A ƙauye kuwa ciyaman surukin wani ne, ɗan kwangila maƙwabci ne, kuma yaron da ya ɗauki hoton ginin da aka bari zai tarar an riga shi kai ƙara wurin mahaifinsa ko mai unguwa, a ce ba shi da kunya. Wasu an tsare su a kan rubutun Facebook, aka jingina da dokar laifukan intanet. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka daɗe a wannan aiki ba sa barin mutum ɗaya ya sa hannu a wasiƙa, kuma sukan fara da gaisuwa wurin hakimi da limamin gari kafin su nufi sakatariya.

Sai kuma matsalar da ke cikin gida. Akwai ƙungiyoyin da ba a jin ɗuriyarsu sai an kusa zaɓe, akwai waɗanda shugabansu ke yin shiru da zarar an ba shi muƙamin mai taimaka wa ciyaman a kan harkar matasa. Mutanen gari sun san su, kuma su ne suka sa idan wani ya zo da takardar FAAC a hannu tambayar farko da ake yi masa ita ce wa ya aiko shi.

Cikin gyare-gyaren kundin tsarin mulki da ke gaban Majalisar Tarayya akwai shawarar karɓe zaɓen ƙananan hukumomi daga hannun hukumomin zaɓe na jihohi. Kowane gyara sai ya samu amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36 kafin ya zama doka, kuma a nan ne yunƙurin 'yancin ƙananan hukumomi ya faɗi a majalisun baya. Ɗan majalisar jiha da zai kaɗa wannan ƙuri'a ba a Abuja yake ba. Gidansa na cikin mazaɓar, ana haɗuwa da shi a ɗaurin aure da jana'iza.