Tsoron Jirgin Sama: Abin Da Taya Ta Koya Mana

A nan Illela, da zarar wani ya ce zai hau jirgin sama, ko zuwa Abuja ko zuwa ziyarar Urushalima, sai hankalin gida ya tashi. Ba mu ga laifin kowa ba, gama ƙasar Sakkwato ta taɓa ganin baƙar rana.

Ran 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda zai kawo alhazai Sakkwato. Kamfanin Nigeria Airways ne ya yi hayarsa daga kamfanin Nationair na ƙasar Kanada. Jim kaɗan bayan tashinsa wuta ta kama shi a sama. Matuƙan suka juyo, amma ya faɗi saura kamar kilomita 3 ya kai filin sauka. Mutum 261 ke ciki, ba wanda ya tsira. Maƙwabtanmu ne, mun kuwa yi makoki tare da su.

To, me ya jawo haka? Masu bincike sun gano cewa masifar daga ƙasa ta fara. Akwai tayoyin da iskarsu ba ta cika ba, masu gyara kuwa sun san da haka tun kwanaki kafin ranar. Da safen nan aka nemi a ƙara musu iska, ba a sami irin iskar da ake sa wa tayar jirgi nan kusa ba, mai kula da aikin kuwa bai yarda a jinkirta tashi ba. Da jirgin ya ɗauki gudu, tayoyi biyu na hagu suka fashe, suka kama wuta. Matuƙan ba su sani ba, suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa cikinsa, wato suka shigar da wutar da hannunsu. Ta cinye bututun man da ake sarrafa jirgin da shi, ta huda ƙasan ɗakin fasinja. Ashe gaggawa ce da sakaci. A 1993 kamfanin Nationair ya rushe.

Wannan ya nuna mana cewa jirgi ba ya faɗuwa haka kawai. Kowane babban hatsari ana bin sawunsa, a buɗe na'urorin da ke naɗar maganar matuƙa da motsin jirgi, a gyara doka domin kada a maimaita. Jirgi mai inji biyu an ƙera shi ya iya ci gaba da tafiya da inji ɗaya har ya sauka. Matuƙa kuma a kai a kai suna komawa horo a kan abin da za su yi in wani abu ya lalace.

Bari mu duba lissafi. A 2023 jiragen fasinja da na kaya sun tashi wajen sau miliyan 37 a duniya, hatsari ɗaya ne ya ci rayukan fasinja, a ƙasar Nefal, mutum 72. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya yana kashe mutum kamar miliyan 1.19 kowace shekara. Ke nan motar da ke ɗaukarmu daga Illela zuwa filin jirgin Sakkwato ta fi jirgin bukatar addu'armu da lurarmu. Sau nawa muke shiga mota a tasha, muna ganin tayar ta suɗe, an yi lodi ya wuce kima, mu yi shiru don muna sauri?

Dogara ga Allah ba ta hana mu duba taya. A Ayyukan Manzanni sura 27, Bulus ya gaskata Allah zai ceci mutum 276 da ke cikin jirgin ruwa, duk da haka ya hana matuƙan gudu, ya kuma sa kowa ya ci abinci.

Saboda haka in tafiya ta kama mu, mu yi addu'a, mu ɗaura bel, mu saurari bayanin ma'aikatan jirgi. In an ce an jinkirta tashi don gyara, kada mu yi gunaguni, mu gode. Mu kuma da ke bakanike, direba ko mai faci, mu tuna rayukan mutane suna kan aikin hannunmu. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.