Haruffa Masu Lanƙwasa da Madannan Ƙaramar Waya

Tun daga watan Agusta na shekarar 2001, sa'ad da kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, har zuwa yau da manyan wayoyi na shafawa suka cika kasuwar Farm Centre ta birnin Kano, ƙaramar waya mai madannai ba ta gushe ba tana hannun jama'ar ƙasar Gaya da Ajingi, domin kuwa manomi da makiyayi da ɗan koli mai cin kasuwannin ƙauye sun fi bukatar wayar da za ta yi kwanaki ba ta nemi caji ba. Da ita ake sanar da suna da ɗaurin aure da rasuwa, da ita kuma ake tambayar farashin shanu ran Juma'a a kasuwar Wudil.

Sai dai duk mai lura zai ga cewa bisa lissafin Turanci aka tsara wannan na'ura. Haruffa 26 aka kasa wa madannai 8, daga lamba 2 zuwa 9, kowane madanni da haruffa uku, in ban da 7 da 9 masu ɗauke da hurhuɗu. Saboda haka wanda ya yi nufin rubuta "sannu" sai ya latsa sau 11, har da ɗan dakatawa tsakanin "n" da 'yar'uwarta, tun da madanni guda suke tarayya. Kowane saƙo kuwa haddinsa haruffa 160 ne, wanda ya ƙetare haddi an caje shi kuɗin saƙo biyu.

Al'ummomin da ke da nasu rubutu sun ɗanɗana wannan ƙunci fiye da mu. Mutanen ƙasar Tailan suna da baƙaƙe 44, wasulansu kuma wasu a bisa baƙi suke zama, wasu a ƙarƙashinsa, wasu gabansa, wasu bayansa, ga alamomin karin sauti guda huɗu. Ala tilas aka cunkusa baƙaƙe biyar ko shida a madanni guda. Bugu da ƙari, da yake haruffansu ba sa cikin jadawalin asali da aka tsara wa saƙo, haddinsu ya sauko daga 160 zuwa 70, hukuncin da ya hau kan Larabci ma. Duk da wannan mashaƙƙa, masu ƙera waya sun buga musu haruffansu a jikin madannai, suka yi ta latsawa da haƙuri.

Mu kuwa sauƙi ne ya cuce mu. Da yake bokon Hausa ya yi tarayya da Turanci a galibin haruffa, ba wanda ya damu ya tanadar mana ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka tabbatar a rubutunmu cikin shekarun 1930, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka soma bugawa a Zariya a 1939, ta yaɗa su ko'ina. Sai aka wayi gari "baki" da "baƙi" sun zama abu guda a fuskar waya, haka "fada" da "faɗa", mai karatu ya dogara ga siyaƙin magana kaɗai kafin ya gane ko fadar Sarkin Gaya aka tafi ko kuwa rigima ce ta ɓarke.

Matasa suka yi nasu ijtihadi. Sallama ta koma "slm", lafiya "lfy", na gode "ngd". Wasu suka ɗauki "x" a madadin "z", wadda sai an latsa 9 sau huɗu take fitowa, alhali "x" sau biyu ta wadatar. Wasu kuma suka sa "q" a gurbin "ƙ", wannan kuwa akwai hikima a cikinsa, domin almajirin da ya tashi da allo ya san cewa da harafin ƙaf ake rubuta wannan sauti a ajami.

Lalura ce ta halatta duk wannan, malaman fiƙihu kuwa sun ce lalura gwargwadonta ake ƙaddara ta. Ga shi yanzu manyan wayoyi suna da allon rubutu na Hausa mai ɗauke da haruffan nan uku, amma sabo, wanda aka ce turken wawa ne, ya bi yara har cikin takardar jarrabawa. Mai ƙaramar waya yana da uzuri, ba za a zarge shi ba. Wanda Allah Ya hore wa babba kuwa uzurinsa ya faɗi, kuma haƙƙi ne a wuyan malaman Hausa na makarantun Gaya da Ajingi su nuna wa ɗalibansu inda waɗannan haruffa suke a waya, su kuma riƙa cire maki ga wanda ya bar su a rubutunsa.